Sayonara: Auren Talaka da Auren Ɗan Gata a Ƙarƙashin Doka Ɗaya

A cikin fim ɗin Sayonara akwai wani ɗan wuri da bai wuce 'yan mintoci ba, amma shi ya fi tsaya mini a rai. Joe Kelly, ƙaramin sojan sama na Amurka da ke aiki a Japan, ya gano cewa matarsa Katsumi tana shirin zuwa wurin likita a asirce, a yi mata aiki a fatar ido don idanunta su yi kama da na Turawa. A lissafinta, in kamanninta suka sauya za ta saje da Amurkawa, mijinta ya yi alfahari da ita, a kuma daina yi musu kallon da ake yi musu. Kelly ya fusata ƙwarai, yana ce mata shi yadda Allah ya halicce ta yake son ta, ita kuwa sai kuka. Mace ce mai ɗauke da juna biyu, mai miji na halal, ta rasa wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa, sai ta juya kan fuskarta tana neman laifin a can. Wanda ya fahimci abin da ya kai ta ga wannan shawara ya fahimci rabin fim ɗin, ya kuma fahimci wani yanki na tarihin Amurka da Japan da ba a cika ba da labarinsa ba.

Kamfanin Warner Bros. ne ya fitar da fim ɗin a ƙarshen 1957. Joshua Logan ya ba da umarni, an kuma ɗauko labarin daga littafin James Michener mai wannan suna, wanda ya fito a 1954. Marlon Brando ya fito a matsayin Manjo Lloyd Gruver, gwarzon matuƙin jirgin yaƙi a yaƙin Koriya, ɗan babban janar, wanda ya yi karatu a makarantar horar da hafsoshi ta West Point. An mayar da shi sansanin Itami da ke kusa da Kobe, kuma ba don komai ba sai don ya kusanci budurwarsa Eileen, 'yar Janar Webster. Hanya a share take a gabansa: aure a gidan manya, ƙarin girma, wataƙila wata rana shi ma taurari a kafaɗa. Kelly kuwa, wanda Red Buttons ya taka, yaronsa ne a wurin aiki, ba shi da uba a gindin murhu, abin da ya mallaka kawai shi ne taurin kai da son da yake yi wa Katsumi. Da hukumar soja ta yi ta ja masa rai kan izinin aure, sai da ya kai kuka ga ɗan majalisar mazaɓarsa kafin a sakar masa mara. Ya roƙi Gruver ya tsaya masa a matsayin babban aboki. Gruver ya fara da zagin amaryar da kalmar wulaƙanci kan siffar idonta, sannan ya ji kunya, ya ba da haƙuri, ya je ɗaurin auren ba da son ransa ba. Daga baya shi da kansa ya faɗa tarkon da yake yi wa wani faɗa a kai, ya kamu da son Hana-ogi, tauraruwar wata ƙungiyar wasan rawa da waƙa ta mata zalla.

Mu da muka taso da fina-finan soyayya na Indiya da na gida mun saba ganin uba mai kuɗi ko uwa mai tsauri a matsayin katangar da ke tsakanin masoya. A Sayonara katangar takarda ce mai hatimin gwamnati, kuma sai an san tarihin takardar za a ga nauyinta.

Tun 1922 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wani ɗan Japan mai suna Takao Ozawa, ta yanke cewa mutumin Japan ba ya cikin waɗanda doka ta yarda a ba su takardar zama ɗan ƙasa, domin ba a lissafa shi cikin farar fata. Ozawa ya shafe shekaru masu yawa a Amurka, ya yi karatu a can, da Turanci ake magana a gidansa, duk bai tsinana masa komai ba. Shekara biyu bayan haka, dokar shige da fice ta 1924 ta ɗora a kan wannan hukunci: duk wanda ba zai iya zama ɗan ƙasa ba, to ba zai shigo ya zauna ba. Ba a ma buƙaci a ambaci sunan Japan a cikin dokar ba, kowa ya san da wa ake. Mutanen Japan sun ɗauki wannan a matsayin cin mutunci, kuma ciwon bai warke ba har aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin yaƙin kuma, bisa umarnin Shugaba Roosevelt na watan Fabrairun 1942, aka kwashe kimanin mutum 120,000 masu asalin Japan daga gidajensu a yammacin Amurka aka tsare su a sansanoni, alhali mafi yawansu haifaffun Amurka ne.

Sai yaƙi ya ƙare a 1945, dubban ɗaruruwan samarin Amurka suka sauka a Japan a matsayin sojojin mamaya ƙarƙashin Janar MacArthur. Ƙasar da suka tarar ta zama toka. Ruwan bama-baman da aka yi wa Tokyo a dare ɗaya cikin watan Maris na 1945 ya kashe mutane wajen 100,000, ban da Hiroshima da Nagasaki. Samarin ƙasar da yawa sun mutu a fagen daga, abinci sai da kati, kasuwar bayan fage ita ce ke riƙe da rayuwar birane. 'Yan mata suka fita neman aiki, kuma inda aikin yake shi ne barikin Amurkawa: buga keken rubutu, tafinta, sayar da kaya a kantin sojoji, aikin gida, amsa waya. A nan aka haɗu. Wasu alaƙoƙin yunwa ce ta ƙulla su, wasu kaɗaici, wasu kuwa so ne tsakani da Allah, kuma sau da yawa abubuwan uku a cakuɗe suke yadda ko masu abin ba za su iya rarrabewa ba. Ina ganin rashin adalci ne mai kallo daga nesa ya zauna yana tantance wacce ta yi don Allah da wacce ta yi don shinkafa.

A watan Disambar 1945 majalisar Amurka ta yi dokar da ta bai wa sojoji damar shigo da matan da suka aura a ƙasashen waje. Dubban amare daga Ingila da sauran ƙasashen Turai suka shiga jiragen ruwa. Matan Japan kuwa dokar 1924 ta tare musu hanya. Abin da majalisa ta riƙa yi shi ne buɗe taga ta ɗan lokaci sannan ta rufe. A 1947 an ba da wa'adin kwana 30 kacal: wanda ya kammala aurensa kafin wa'adin ya cika zai iya tafiya da matarsa. A 1950, bayan ɓarkewar yaƙin Koriya, an sake buɗe wata tagar ta wasu watanni, aka ƙara wa'adinta zuwa farkon 1952. Kafin soja ya kai ga tagar ma sai ya bi ta hannun kwamandansa, sai limamin cocin bariki ya yi masa nasiha wadda galibi ta hana shi ce, sai an binciki lafiyar yarinyar da tarihin danginta, an tabbatar ba ta da tarin fuka, ba ta da alaƙa da 'yan gurguzu, ba ta da tabon karuwanci. Takardu kan ɗauki watanni. Kwamandan da ba ya son abin kuwa yana da makami mai sauƙi a hannunsa: ya sa hannu a yi wa sojan canjin wurin aiki, ko a mayar da shi gida, kafin takardun su fito.

Wannan makamin aka yi amfani da shi a kan Kelly. Wani kanar mai ƙin jinin irin wannan aure ya sa sunansa cikin waɗanda za a mayar Amurka, ya kuma haramta wa sojoji zuwa unguwar da ɗan gidansu yake. Kelly zai tafi, Katsumi da cikinta za su zauna, babu ranar haɗuwa. Gruver ya je ya roƙi Janar Webster, janar ya ce ba zai karya ƙa'ida saboda mutum ɗaya ba. Kelly ya sulale daga hannun 'yan sandan soja ya koma gida, kuma da Gruver da abokinsa suka ɓalle ƙofar, sai suka tarar da miji da mata kwance tare, sun kashe kansu. Bayan an gama wannan ne janar yake shaida wa Gruver cewa ai ana dab da sauya dokar. Maganar ta yi daidai da tarihi: a watan Yunin 1952 majalisa ta zartar da dokar McCarran-Walter, wadda ta cire sharaɗin launin fata daga zama ɗan ƙasa. Kason da ta ware wa Japan ɗan mitsitsi ne, mutum 185 a shekara, amma matan 'yan ƙasa ba sa cikin wannan lissafi, don haka ƙofa ta buɗe musu.

A nan nake ganin fim ɗin ya faɗi gaskiya mai ɗaci, wataƙila fiye da yadda masu shirya shi suka nufa. Doka ɗaya ce a kan Kelly da Gruver, amma ba nauyi ɗaya ta yi musu ba. Gruver ya karya umarni, ya yi zaman daduro da Hana-ogi a gidan Kelly, ya fito fili da ita, kuma mafi munin abin da ya same shi shi ne faɗa daga manya da barazanar cewa aikinsa zai lalace. Manya suna lallaɓa shi domin ɗansu ne, suna neman ceto shi daga abin da suke gani kuskuren ƙuruciya. Kelly kuwa ya bi hanya, ya nemi izini, ya ɗaura aure a ofishin jakadanci da shaidu, shi ne kuma aka murƙushe. Mutuwarsa ce ta ba Gruver ƙarfin zuciyar bin Hana-ogi har Tokyo ya nemi aurenta a gaban 'yan jarida. Talaka da matarsa suka biya kuɗin, ɗan janar ya karɓi kayan. Ban ce marubutan sun zauna sun tsara wannan a matsayin darasi kan bambancin matsayi ba, amma yana nan a fili ga duk mai ido, kuma ya fi jawabin soyayyar da ke ƙarshen fim ɗin kama da rayuwa.

Game da mutuwar kanta, akwai abin da ke damuna. Fim ɗin ya shimfiɗa mata tabarma tun da wuri, inda ya kai masoyan kallon wasan 'yar tsana na gargajiyar Japan, wanda ake kira bunraku, kan masoyan da suka zaɓi mutuwa tare. Irin wannan labari tsoho ne a adabinsu. Marubucin wasan kwaikwayo Chikamatsu ya shahara da shi tun 1703 da wasansa kan masoyan Sonezaki. Ta haka sai mai kallo ya ɗauka cewa abin da Kelly da Katsumi suka yi wata al'ada ce ta Japan mai kyan gani, kamar furen da ya faɗo daga bishiya. Wannan kwalliya tana rage wa masu laifi laifinsu. Mutum biyu da ɗan da ke ciki sun salwanta saboda wani ya ƙi sa hannu a takarda, kuma babu abin sha'awa a ciki. Turawa sun daɗe da son ganin 'yar Japan ta mutu saboda Bature a dandalin wasa. Tun 1904 wasan waƙa na Puccini, Madama Butterfly, yake sa su kuka da labarin yarinyar Nagasaki da hafsan jirgin ruwan Amurka ya aura ya watsar. Abin da Sayonara ya sauya shi ne, a wannan karon Ba'amurken bai gudu ba, ya tsaya ya mutu tare da matarsa. Ci gaba ne, amma har yanzu gawar mace ce ake sayen hawayen 'yan kallo da ita.

A littafin Michener, Gruver da Hana-ogi rabuwa suka yi. Ita ta koma ga sana'arta, shi ya koma ga duniyarsa, sunan littafin ma ban kwana yake nufi. Fim ɗin ya juya wannan, kuma an sha ruwaito cewa Brando ne ya dage sai an ƙare da aure kafin ya karɓi aikin. Shi ne kuma ya ba Gruver karin harshen mutanen kudancin Amurka, abin da ba ya cikin littafin. Duk Ba'amurken da ya shiga silima a watan Disambar 1957 ya san abin da wannan karin harshe yake nunawa. Wata uku kafin nan, Shugaba Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock na jihar Arkansas don su raka yara baƙar fata tara zuwa makarantar da aka hana su shiga. Ga mutumin kudu a majigi yana koyon cewa ƙyamar da aka shayar da shi tun yana yaro ƙarya ce. Fim ɗin yana magana kan Japan, amma kunnen da yake nema na gida ne.

To me ya sa ba a yi maganar kai tsaye ba? Saboda ba za ta sayu ba. Ƙa'idar tace fina-finai ta Hollywood ta haramta nuna soyayya tsakanin fari da baƙi tun shekarun 1930, kuma sai a 1956 aka cire wannan sharaɗi. A 1958, da kamfanin Gallup ya tambayi Amurkawa ra'ayinsu kan aure tsakanin fari da baƙi, kashi 4 cikin 100 ne kawai suka amince. Jihohi da dama suna da dokar hana aure tsakanin masu bambancin launin fata, wasunsu kuma sun haɗa har da mutanen Asiya. Kotun California ta soke tata a 1948, amma sai a 1967, a shari'ar Loving da jihar Virginia, Kotun Ƙoli ta rushe sauran, lokacin jihohi 16 na riƙe da su. Ke nan ranar da Gruver yake shelar zai auri Hana-ogi, akwai jihohin ƙasarsa da aurensu ba zai halatta ba. 'Yar Japan ita ce iyakar abin da 'yan kallo farare za su iya haɗiya a lokacin: baƙuwa ce daga nesa, kyakkyawa, mai ladabi, kuma, ba kamar baƙar fata ba, ba ta da dangi miliyoyi a unguwar da ke bayan layin dogo masu neman haƙƙinsu.

Akwai kuma lissafin siyasar duniya. Japan da aka yaƙa jiya ta zama ƙawar da ake buƙata yau. 'Yan gurguzu sun karɓi China a 1949, yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, aka sa hannu kan yarjejeniyar San Francisco a 1951, mamaya ta ƙare a watan Afrilun 1952 amma sansanonin Amurka suka zauna daram. Ana buƙatar Ba'amurken da aka koya wa tsanar mutanen Japan shekara huɗu ya koyi ganinsu a matsayin abokai, kuma Tarayyar Sobiyet tana ta yayata wariyar launin fatar Amurka a ƙasashen Asiya da Afirka. Fim mai launi, mai nuna lambuna da gidajen ibada da rawar kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, wanda ya ƙare da auren hafsan Amurka da tauraruwar Japan, ya zo a kan gaɓa. Sai dai dubi yadda aka raba matsayi a wannan ƙawance: Amurka ce miji, Japan ce amarya. Hana-ogi ta gaya wa Gruver cewa bam ɗin Amurka ne ya kashe mahaifinta, amma a zaman nasu na farko ita ce take neman gafara saboda ƙiyayyar da ta riƙe a zuciya. Wanda aka yi wa ɓarna shi ne ke ba da haƙuri. A shekarar da fim ɗin ya fito kuwa, abin da ke cika jaridun Japan shi ne shari'ar William Girard, sojan Amurka da ya harbe wata matar aure mai tsintar kwankon harsashi a filin atisaye a lardin Gunma, a watan Janairun 1957. Kotun Japan ta yanke masa shekara uku, aka jingine hukuncin, ya koma gida. Mutanen da suka karanta wannan labari da safe ba lalle su ga soyayyar Gruver da idon da mutumin Chicago ya gan ta ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi a fim ɗin shi ne abin da aka yi da Hana-ogi. Michener ya gina ta ne a kan ƙungiyar Takarazuka, wadda take nan har yau kusa da Osaka: mata zalla, wasunsu suna fitowa a matsayin maza, kuma duk wadda za ta yi aure sai ta bar dandali. A fim an sauya wa ƙungiyar suna zuwa Matsubayashi. Farkon ganin da Gruver ya yi mata, tana tsallaka gada zuwa gidan wasa cikin shigar maza, 'yan mata masoyanta sun yi dafifi suna miƙa mata kyauta, ba ta ko kalli inda yake ba. Kwana da kwanaki yana zuwa bakin gadar yana jira. Mace ce mai suna, mai sana'a, wadda ake sa ran wata rana za ta shugabanci makarantar da ta raine ta daga talauci. Da soyayya ta yi nisa sai shigar maza ta ɓace, kimono ya maye gurbinta, murya ta yi ƙasa, ga ta durƙushe tana zuba masa abin sha. A ƙarshe abin da take fata shi ne ta zama matar aure, uwar 'ya'ya. Babu aibi ga mace ta so wannan. Aibin shi ne fim ɗin ya sa shi ya zama kuɗin shiga: za a karɓe ki in kin ajiye duk abin da ya sa kika zama ke. Katsumi ma da wanka aka gabatar da ita a zukatan 'yan kallo, tana cuɗa wa mijinta baya tana murmushi. A gefe guda ga Eileen, Ba'amurkiya mai faɗin ra'ayinta, mai tambayar saurayinta me ya sa ba ya ɗokinta. Saƙon da ke ƙasa bai ɓuya ba, kuma wannan hoto na 'yar Asiya mai biyayya marar baki ya bi matan gaske har cikin gidajen aurensu, ya bi 'ya'yansu mata bayansu.

Dubi kuma ɗaya ɓangaren. An ɗan nuna shaƙuwa tsakanin Eileen da Nakamura, gwanin wasan kabuki, amma ba a bari ta je ko'ina ba, kuma wanda ya taka Nakamura shi ne Ricardo Montalbán, haifaffen Mexico, da aka yi wa kwalliyar ido. Farin namiji zai iya auren 'yar Japan a majigi. Farar mace kuwa ko tsayawa kusa da ɗan Japan na gaske ba a yarda ta yi ba. Hana-ogi ma da farko Audrey Hepburn aka yi wa tayi, ta ƙi. Wadda aka ɗauka, Miiko Taka, haifaffiyar Seattle ce, tana aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Los Angeles, kuma tana cikin waɗanda aka tsare a sansanin Gila River a Arizona lokacin yaƙi. 'Yar ƙasa ce da gwamnatinta ta kulle saboda asalinta, ga ta kuma tana taka baƙuwar da ke roƙon a karɓe ta. Michener kansa a 1955 ya auri Mari Sabusawa, ita ma Ba'amurkiya mai asalin Japan da ta ɗanɗana zaman sansani. Sojoji baƙar fata kuwa, waɗanda runduna guda tasu ta zauna a garin Gifu na Japan kuma da yawansu suka auri matan Japan, babu labarinsu a fim ɗin sam, alhali matansu ne suka fi shan wuya, don sun sauka Amurka sun tarar da wariya iri biyu tana jiransu.

Duk da haka ba zan rage wa fim ɗin abin da ya cancanta ba. A 1957 ya fito ƙarara ya ce dokar ƙasa da umarnin soja ne ke da laifi, masoyan ba su da shi, ya kuma sa babban tauraron zamanin ya faɗi haka. An zaɓe shi a rukuni goma na lambar Oscar, ya ci huɗu. Red Buttons ya samu, Miyoshi Umeki da ta taka Katsumi ita ma ta samu, ta zama mace ta farko 'yar Asiya da ta ci Oscar a fagen wasa. Mawaƙiya ce daga garin Otaru a tsibirin Hokkaido, wadda ta fara da rera waƙoƙin Amurka a wuraren shaƙatawar sojoji. Ba abin mamaki ba ne a ce ma'auratan da suka mutu su ne suka karɓi lambobin: su ne zuciyar fim ɗin, kuma duk lokacin da aka koma kansu sai labarin ya sauko daga sama ya taka ƙasa.

Inda fim ya tsaya, a nan rayuwar matan gaske ta fara. Ana ƙiyasta cewa kimanin mata 45,000 ne suka bi mazajensu sojoji daga Japan zuwa Amurka a shekarun bayan yaƙi. Da yawa sun bar gida ba da albarkar iyaye ba. Akwai waɗanda aka ce musu in sun tafi kada su dawo, domin a idon unguwa duk wadda aka gani da sojan mamaya panpan ce, wato karuwar sojoji, ko da aurenta da shaidu. Kafin tafiya, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta buɗe musu azuzuwan amare, inda matan hafsoshi ke koya musu girkin Amurka, shirya tebur, tafiya da takalmi mai tsini da renon jariri irin na can. Ba a buɗe wa mazajen ajin koyon ko gaisuwar surukai ba. Da suka sauka, ba birnin da suka gani a mujallu suka tarar ba. Wata gonar kaji aka kai ta, wata ƙauyen da ba a taɓa ganin mutumin Asiya ba, wata gidan surukar da ɗanta ko ƙanenta ya mutu a yaƙi da Japan. Da yawa an sauya musu suna zuwa na Turawa tun ranar farko don surukai ba za su iya furta nasu ba. Tsofaffin mazauna Amurka masu asalin Japan, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga sansanoni ba kuma suke ƙoƙarin kare mutuncinsu, su ma ba kowa ne ya buɗe musu ƙofa ba. Wasu aurarrakin sun yi albarka har tsufa, wasu sun mutu cikin shaye-shaye da duka, matar kuma ba ta da kuɗin jirgi, ba ta da fuskar da za ta koma gida da ita. Suka yi aikin ɗinki, aikin masana'anta da na gidajen abinci, suka yi renon 'ya'ya da harshen da suka koya da girma, kuma da yawansu ba su koya wa 'ya'yan Japananci ba don kada a tsangwame su a makaranta.

Akwai kuma waɗanda ba su sami ko jirgin ba. Sojoji da yawa sun bi umarnin canjin aiki sun tafi, ba su waiwayo ba, suka bar mata da jarirai. A 1948 wata mata mai suna Miki Sawada, jikar wanda ya kafa kamfanin Mitsubishi, ta buɗe gidan marayu na Elizabeth Saunders a garin Oiso domin irin waɗannan yara da aka haifa tsakanin sojojin mamaya da matan Japan, waɗanda ake yarwa a tashoshin jirgin ƙasa da bakin hanya. Dokar Japan a lokacin ta uba take bi wajen ba da ɗan ƙasa ga ɗan da aka haifa cikin aure, kuma sai a 1985 aka fara bin uwa ma, don haka wasu yaran, musamman a Okinawa, suka tashi babu ƙasar da ta amsa sunansu. Da Katsumi ta rayu, Kelly ya hau jirgi shi kaɗai kamar yadda aka umarce shi, cikin waɗannan yara za a lissafa ɗan da ke cikinta.